Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Makarantu da Masu Horar da Malamai a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin makarantunmu na firamare da sakandare da Islamiyya, tun daga cikin Birni har Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru da Wusasa. Allah ya gafarta malamai, ku da ke horar da masu NCE a Gyallesu da masu digirin koyarwa a Samaru. Ina gaisuwa. Ya aiki, ya fama da 'ya'yan jama'a? Allah ya saka muku da alheri.

Ni ma na sha ƙurar alli kafin in ajiye aiki, don haka ba daga waje nake jifa ba. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, ita ce saurin da muke yi wajen yanke wa yaro hukunci. Zango ɗaya, zango biyu bai kama karatu ba, sai ka ji an ce kansa ba ya ja, ko ƙwaƙwalwar kifi gare shi. A tura shi bencin baya, a shaida wa ubansa gara ya kai shi gareji tun da wuri. Kanikanci ba abin raini ba ne. Amma yaron nan da aka ce ba ya riƙe komai, nan da shekara biyu zai kwance injin babur ya mayar da kowane noti mazauninsa. To ina ƙwaƙwalwar kifin ta tafi?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin hanyar da darasi ke bi kafin ya zauna a kan mutum. Ido ko kunne ne zai fara ɗauko shi, hankali ya tsaya a kansa, a riƙe shi na ɗan lokaci a jujjuya, sannan ya shiga ma'ajiya, kuma a iya fito da shi ranar da ake bukata. Ko'ina a wannan hanya abu na iya lalacewa, kuma yawancin wuraren da yake lalacewa a hannunmu suke, mu manya. Na san duk wannan yana cikin kwas ɗin da kuke koyarwa, ɗalibai kan haddace shi su ci jarrabawa. Kukana shi ne ba ya bin su zuwa aji.

Ku shiga ajin firamare uku da misalin sha ɗaya na safe, ku tsaya daga baya. Allon bango ya koɗe ya koma ruwan toka, ga farin alli a kansa, ga hasken taga ya bugi gefe guda. Wani yaro a layin ƙarshe yana ƙanƙance ido, ya ɗaga kai, ya sunkuya, daga ƙarshe ya haƙura ya koma leƙen littafin na kusa da shi. In na kusan ya yi kuskure shi ma ya kwafa, har ya ƙara nasa. Wata yarinya kuma kullum da auduga a kunne saboda ruwan da ke fita, in malama na magana sai ta karkato kai gefe ɗaya. Waɗannan biyun su za a fara yi wa laƙabi, alhali darasin bai ma iso inda suke ba.

Ko da ido lafiya lau yake, gani ba ya kammala sai ƙwaƙwalwa ta fassara abin da ya shigo. Ibnul Haisam, ɗan Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, tuni ya yi bayanin cewa mai kallo yana haɗa abin da ya gani da abin da ya riga ya sani ne kafin ya gane shi. Shi ya sa ƙaramin yaro ke rikita b da d. Tun yana rarrafe ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa buta ko ta fuskanci gabas ko yamma buta ce. Rana ɗaya muka zo muka ce masa wannan alamar in ta juya baya ta zama wani baƙi daban. Ga ɓ da ɗ sun shigo, ga shi da safe yana rubutu daga hagu, da yamma a Islamiyya daga dama. Lokaci da yawan gwaji ne maganin wannan, ba ranƙwashi ba.

Sai maganar hankali, wanda kullum muke cewa yara su tattara. A 1953 wani masani ɗan Ingila, Colin Cherry, ya sa wa mutane abin sauraro, magana ɗaya na shiga kunnen dama, wata daban na shiga na hagu, ya ce su riƙa maimaita ɗaya kawai. Da aka gama aka tambaye su abin da ɗaya kunnen ya ji, ba abin da suka iya kawowa. An ma sauya harshen daga Turanci zuwa Jamusanci ba su lura ba, sai dai sun gane lokacin da murya ta koma ta mace. A 1999 kuma Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyar fili sanye da kayan goggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Manya ne fa, idonsu biyu, a kan allon suke kallo.

Yanzu ku dubi abin da muke yi kullum. Malami ya juya baya yana cika allo da rubutu, yana bayani a lokaci guda, ya ce a kwafa kafin ya goge. Yaro zai kwafa ne ko zai saurara? Ɗaya zai iya, kuma kwafar zai zaɓa, don ita ce ake duba littafi a yi duka a kanta. Ku ƙara da ajin da ke maƙwabtaka suna rera nasu karatun ba silin a tsakani, da injin markaɗe a bayan katanga, da cikin da bai ga ko koko ba tun safe. Akwai ƙaramin abu da zai taimaka: Neville Moray ya gano a 1959 cewa ko a kunnen da aka yi watsi da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane kan ji in an ambaci sunansu. Malamin da ya san sunan yaransa yana da hanyar dawo da hankalinsu da mai cewa "kai, kai mai jar hula" ba shi da ita.

Inda nake so mu daɗe shi ne wurin riƙo na wucin gadi, inda mutum ke ajiye abu yana aiki da shi a lokacin. Ku ɗauke shi kamar tafin hannu, ma'ajiyar dindindin kuwa rumbu. Rumbun yana da girman da ba wanda ya taɓa cika shi, amma duk hatsin da zai shiga sai ya bi ta tafin hannu. George Miller a 1956 ya ƙiyasta cewa abu bakwai ne, ko a rage biyu ko a ƙara biyu, mutum ke iya riƙewa a lokaci guda. Nelson Cowan ya sake auna lamarin a 2001 ya ce in an hana mutum dabarun maimaitawa da haɗawa, wajen huɗu ne kawai. Na babba ke nan. Na ɗan shekara bakwai bai kai haka ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba wanda ke karanto lambar waya mai alƙaluma 11 a tashi ɗaya, sai an gutsuttsura ta uku-uku ko huɗu-huɗu.

To sai malami ya shigo ya ce: "Ku fito da littafin lissafi, ku buɗe shafi na 23, ku tsallake lamba 1 zuwa 3, ku yi 4 zuwa 8, ku ja layi a ƙarƙashin amsa, wanda ya gama ya kawo teburina." Umarni shida a numfashi ɗaya. Wani bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane shafi?" Sai a ce ba ya ji, a zabga masa bulala. Ya ji sarai, hannun ne ya cika. Bulalar kuma ta ƙara lalata al'amari, domin tsoro ma wuri yake ci. Yaron da ke lissafin ta inda dorina za ta sauko ba shi da sauran fili na lissafin bakwai sau takwas. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin ɗalibin da ya san amsa, aka daka masa tsawa, kansa ya ɗauke ɗif, yana komawa mazauninsa amsar ta dawo.

Harshe ma haka. In aka ba yaron da bai ji Turanci ba tambayar lissafi da Turanci, duk ƙarfinsa zai ƙare a kokawa da kalmomin, lissafin bai samu ko kallo ba. Ku je Kwangila ko bakin kasuwar Sabon Gari ku sayi gyaɗa ko rake a hannun yarinya 'yar shekara tara, ku ba ta naira dubu, ku ga ko za ta yi kuskuren canji. Irin wannan aka gwada a garin Recife na ƙasar Barazil, aka buga sakamakon a 1985. Yara masu talla sun amsa kusan duk tambayoyin da aka yi musu a bakin ciniki, amma da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya a takarda, tsurar lambobi, ko rabi ba su ci ba. A nan gida kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci na matsayin darasi guda, kuma ba su zama koma baya ba ko a Turancin. Ban ce a kori Turanci ba, WAEC da JAMB na jiran yaran nan. Na ce a bayyana sabon abu da harshen da yaro ke mafarki da shi, in ya zauna a sa masa rigar Turanci. Abin kunya ne a ce a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 har yanzu akwai makarantun da ke cin yaro tara don ya yi Hausa a aji.

Yanzu mu zo kan mantuwa, wadda ita ce ke sa malami ya fi jin haushi. "Jiya-jiya na koya muku!" Gaskiya ne, Malam, kuma haka Allah ya halicci kan ɗan Adam. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya mai da kansa abin gwaji, ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin sauti marasa ma'ana yana auna yadda suke gudu, ya buga sakamakon a 1885. Bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalarsa ta tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, daga nan zubar ta rage gudu. Ya kuma gano abin da ya fi wannan amfani: jerin da ya maimaita sau 68 a zama ɗaya bai fi zama ba a kan wanda ya maimaita sau 38 a rarrabe cikin kwana uku.

Malamanmu na zaure za su yi murmushi, don sun riga shi. Shehu Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukan Birni, wajen shekara 800 da suka wuce ya ce darasin mai farawa kada ya wuce abin da zai riƙe da maimaici biyu. Ya ce a maimaita karatun jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabansa sau uku, sai biyu, sai ɗaya. Ku zauna kusa da alaramma bayan magariba ku ga yadda ake biya allo. Almajiri ya kifa allonsa a cinya ya fara karantowa da ka. Alaramma na jan carbi, ido a lumshe, kamar ba ya ji. Yaro ya yi tuntuɓe, sai ka ji gyaran murya kawai. Ba a ba shi amsa ba, an bar shi ya laluba. Ya koma farkon aya, ya sake tahowa, ya sake tsayawa. Sai a nan alaramma zai jefa masa kalma ɗaya tak, sauran ya ƙarasa da kansa. Ba za a wanke allon ba sai ya kawo, kuma ko an wanke, tilawar baya na nan tana jiransa.

Wannan lalube da ake barin yaro ya yi shi ne aikin. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta sake karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya aka karɓe takardar, aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin 100, su kuwa 71. Bayan mako guda labari ya sha bamban: masu maimaita karatu sun faɗo zuwa 40, waɗanda aka wahalar da tunowa suna da 61. Abin lura, masu sake karantawar su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ganin abu a takarda ka ce "ai na san wannan" daban, fito da shi daga ka daban.

Mu kuwa a boko me muke yi? Malami ya gama bayani ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Eeeh!" Ya ce akwai mai tambaya, shiru. An wuce ke nan, ba za a sake waiwayar wannan babin ba sai makon bita, ana saura kwana kaɗan jarrabawa. Haka yaran ke girma har su shiga jami'a, su zama masu kwana a aji daren jarrabawa da goro da shayi, su juye a takarda da safe, kafin a dawo hutu babu ko ɓurɓushi. Ga shi barcin da suka hana kansu a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya. Tun 1924 aka gwada aka ga wanda ya yi barci bayan koyo ya fi riƙewa a kan wanda ya ci gaba da harkokinsa. Iyaye ma su ji wannan: boko da safe, Islamiyya da yamma, lesin da dare, aikin gida har sha ɗaya, sannan a tashi yaro da asuba, ba ƙoƙari ba ne, asara ce.

Kada a ce na ɗauki tsangaya na ɗora a kan boko. Ita ma tana da nata, dorina na nan, kuma akan daɗe ana hadda kafin a zo ga ma'ana. Haddar Alƙur'ani tana da dalilinta na kiyaye lafazi. Amma kimiyya da lissafi da tarihi ba a kiyaye su da lafazi, kuma mun ɗauko rera karatu ba fahimta mun kai boko, muka bar tilawar baya da ita ce mai amfanin. A 1972 John Bransford da Marcia Johnson sun karanta wa mutane wani sakin layi mai wuyar kamawa. Waɗanda aka gaya wa tun farko cewa bayanin wankin kaya ne sun tuna kusan ninki biyu na waɗanda ba a gaya wa ba. Kalmomin ba su canja ba, wurin rataye su aka samu. Yaron da ubansa ke noman masara a Shika ya san taki, ya san abin da ke faruwa in shuka ta tashi a inuwar mangwaro. Daga nan ya kamata darasin yadda tsiro ke haɗa abincinsa ya tashi, kafin a zo ga ma'anar da za a haddace.

Na san nauyin da ke kanku. Aji ya cika ya batse, albashi ba ya kai wata, manhaja ta yi tsawo, masu duba makarantu kuma babin da aka kai suke tambaya, ba abin da ya zauna ba. Na kuma san akwai yaran da matsalarsu ta gaske ce, ko an gyara komai sai sun bukaci kulawa ta musamman, su ma ba zagi ne maganinsu ba. A 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba. An auna abin da malami ya sani, kuma hakan na da muhimmanci. Amma ko wanda ya ci ɗari bisa ɗari zai iya shiga aji ya juye buhu guda a tafin hannun yaro.

Roƙona ga shugabannin makarantu ba ya bukatar kwangila. Ku mai da minti goman farko na kowane darasi na tambayar baya, littattafai a rufe, ba maki, ba duka: biyu daga jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya, kowa ya rubuta tasa amsar kafin a faɗa. A hana rubutu a allo da bayani lokaci guda. Umarni ya zo ɗaya bayan ɗaya, shafin kuma a rubuta shi a allo. Ku kuma malamanmu na Gyallesu da Samaru, in kun je duba ɗalibanku a lokacin gwajin koyarwa, kada ku tsaya kan tsarin darasin da suka rubuta da kyan shigarsu. Ku kira yara uku daga bencin baya ku tambaye su darasin makon jiya, makin ɗalibin naku ya rataya a kan amsarsu.

Na ƙarshe shi ne gwajin ido da kunne a farkon kowace shekarar karatu. Takardar gwajin ido da ake liƙawa a bango a sa yaro ya tsaya nisan mita shida ba ta da tsada, akwai ma mai alamar E da ke fuskantar ɓangarori daban-daban don wanda bai iya karatu ba, ya nuna da yatsa. Malami ɗaya a kowace makaranta zai iya koyon amfani da ita cikin yini guda. Wanda aka ga alamar matsala a dawo da shi layin gaba a ranar, a rubuta wa iyayensa takarda. Asibitin koyarwa na Shika na kusa, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ta Kunne duk suna Kaduna. Ina roƙon ƙungiyoyin iyaye da malamai su sa wannan a ajandar taronsu na farkon zango mai zuwa, a kuma rubuta sunan wanda aka ɗora wa alhakin aikin.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin aji,
Tudun Wada, Zariya.